Lambar Rum da ke cikin baka a sunan sinadari: me take ƙirgawa?

Dalibi_Sadiku
Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan sanya wa sinadarai masu haɗin ayon (wato atam ko gungun atam mai ɗauke da caji) suna ce. Zan riƙa rubuta "baƙin ƙarfe" idan ina nufin Fe, tunda sunansa na Turanci da ayon mai caji furucinsu ɗaya ne a bakinmu. FeCl₂ sunansa baƙin ƙarfe(II) kuloraid, FeCl₃ kuma baƙin ƙarfe(III) kuloraid. Wannan ya nuna kamar lambar cikin baka tana ƙirga yawan atam ɗin da ke biye ne. To amma CuO jan ƙarfe(II) oksaid ne, Cu₂O kuma jan ƙarfe(I) oksaid, alhali kowanne oksijin ɗaya gare shi. Sannan CaCl₂ ba a ba shi lamba ko kaɗan. Ina ƙa'idar take?

Malam_Sinadari
Wa alaikumus salam Sadiku. Kama da wane ba ta wane ba ce. Lambar ba ta ƙirga atam, cajin ƙarfen take faɗa. A FeCl₃ dacewa aka yi kawai, saboda kowane kuloraid cajinsa −1 ne, sai yawan kulorin da cajin ƙarfen suka zo daidai. Da ka canza abokin haɗin zuwa oksijin, wanda cajinsa −2 ne, sai dacewar ta watse.

Ga yadda ake fitar da lambar ba tare da canki-canki ba. Ka fara da ɓangaren da ka san cajinsa, wato ayon mai ɗebewa. Ka ninka cajinsa da yawansa. Abin da ka samu dole ƙarfen ya biya shi cif, domin sinadarin gaba ɗaya ba shi da caji. Sai ka raba wannan bashin a kan yawan atam ɗin ƙarfen.

CuO: oksijin ɗaya, −2. Jan ƙarfe ɗaya ne zai biya, ke nan +2. Cu₂O: bashin −2 ne dai, amma su biyu za su biya, kowa +1. Fe₂O₃: uku sau −2 ya ba da −6, a raba wa biyu, +3. Shi ya sa Fe₂O₃ da FeCl₃ duk (III) ne ko da yake fomularsu ba ta yi kama ba.

Yar_Zazzau
Ƙarin bayani a kan CaCl₂. Ana sa lamba ne inda akwai shakka. Kalsiyam a duk gishirinsa +2 ne, don haka rubuta (II) ɓata tawada ne. Waɗanda ba sa ɗaukar lamba su ne, a jadawalin sinadarai, rukuni na 1 (Li, Na, K, duk +1), rukuni na 2 (Mg, Ca, Ba, duk +2), sai aluminiyam +3, tutiya +2 da azurfa +1. Masu fuska biyu su ne baƙin ƙarfe (+2, +3), jan ƙarfe (+1, +2), dalma da Sn, wato ƙarfen kuza (+2, +4), zaiba, manganis, kuromiyam. Waɗannan idan ka bar lambar, sunan bai cika ba.

Kuma ba a cewa kalsiyam daikuloraid a tsarin makaranta. Su "dai", "tirai", "tetira" a gaban suna na sinadaran da ke tarayya a kan ilektoron ne, irin CO₂ da CCl₄, inda babu cajin da za ka yi lissafi da shi ka gano yawan.

Bagobiri88
Hanya mafi sauƙi ita ce musanya. Ka rubuta Al³⁺ da O²⁻, ka sauko da 3 ƙarƙashin O, ka sauko da 2 ƙarƙashin Al, ka samu Al₂O₃. Shi ke nan. Idan suna kake nema sai ka mayar da lambobin sama.

Malam_Sinadari
@Bagobiri88 wajen tafiya hanyar tana aiki, wajen dawowa ne take yar da mutum. Gwada da kuza, wadda ake haƙa a Jos, SnO₂. Idan ka mayar da lambobin sama a giciye za ka ce Sn +2 ne, O kuma −1. Duka biyun kuskure. Oksijin biyu −4 ne, saboda haka Sn(IV) oksaid ne. Asalin musanyar Sn₂O₄ ta bayar, aka rage ta zuwa SnO₂, kuma ragewar nan ce ke ɓoye cajin. Haka FeO zai ce maka Fe +1 ne, wanda ba haka ba ne, +2 ne. PbO₂ ma haka, dalma(IV) ce.

Bagobiri88
Na yarda da batun dawowa. Amma ga ɗalibin da ke da minti ɗaya a kan kowace tambaya, musanya da ragewa ta fi sauri. Mg²⁺ da O²⁻, Mg₂O₂, rage, MgO. Ban ga laifinta a nan ba.

Umma_Kimiyya
Laifinta yana wajen "rage". Wanda ya saba rage duk abin da ya gani zai rage Na₂O₂ ya koma NaO, kuma babu wannan. A sodiyam feroksaid ayon ɗin O₂²⁻ ne, atam biyu manne da juna, abu guda ne ba ya rabuwa. Haka zaiba(I) kuloraid, Hg₂Cl₂ ne, domin ayon ɗin Hg₂²⁺ ne. Haka kabaid na masu walda, CaC₂, ayon ɗinsa C₂²⁻. Abin da ake ragewa shi ne yawan ayon da ayon, ba lambar da ke cikin jikin ayon ɗin ba.

Wannan ya kawo mu batun baka a fomula. Ca²⁺ yana buƙatar OH⁻ guda biyu. Idan ka rubuta CaOH₂ ka ce oksijin ɗaya da haidurojin biyu ke nan. Daidai shi ne Ca(OH)₂. Duk lokacin da ayon mai atam da yawa ya wuce ɗaya, a sa shi a baka kafin a rubuta lambar: (NH₄)₂SO₄, Al₂(SO₄)₃, Ca₃(PO₄)₂, Mg(NO₃)₂. Idan ɗaya ne tak ba a sa baka: NaOH, CaSO₄, NH₄Cl.

Dalibi_Sadiku
Na gode ƙwarai. Malama Umma, NH₄Cl ɗin nan babu ƙarfe a cikinsa. Ba an ce haɗin ayon tsakanin ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba yake faruwa ba?

Umma_Kimiyya
Yawanci ne, ba doka ba. Abin da ake bukata shi ne ayon mai + da ayon mai −. Amoniyam, NH₄⁺, yana tsayawa a gurbin ƙarfe kamar K⁺. A cikin jikinsa naiturojin da haidurojin tarayya suke yi a kan ilektoron, amma tsakaninsa da Cl⁻ jan caji ne zalla. Takin amoniyam salfet ma haka yake. Takin yuriya kuwa ba shi da ayon ko ɗaya, duk da cewa a ido fari ne mai ƙwayoyi kamar gishiri.

Sarkin_Alli
Tunda an taɓo haɗin kansa, akwai wata magana da ake maimaitawa a aji wadda ya kamata a gyara: wai sodiyam yana "so" ya ba da ilektoron ɗinsa don ya cika takwas. Tsarinsa 2,8,1 ne, na kulorin 2,8,7, wannan gaskiya ne. Amma babu atam ɗin da ke sakin ilektoron kyauta. Cire shi daga sodiyam yana cin kilojul 496 na makamashi a kowane mol (ma'aunin yawan atam). Idan kulorin ya karɓa, abin da ke fitowa 349 ne kacal. Ke nan a kan miƙa ilektoron kaɗai, asara aka yi ta 147.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Ribar tana zuwa ne lokacin da ayon ɗin suka jeru suka zama ƙwayar gishiri. Ga lissafin duka, wanda ake kira zagayen Born da Haber: mayar da ƙarfen sodiyam tururi, +108. Cire ilektoron, +496. Raba rabin mol na Cl₂ zuwa atam, +122. Kulorin ya karɓi ilektoron, −349. Zuwa nan ana bin mu 377. Jeruwar ayon ɗin ta saki kimanin 788. A cire, saura −411, kuma wannan shi ne zafin da ake aunawa idan an haɗa mol ɗaya na NaCl daga sodiyam da kulorin.

Wannan lissafin ne kuma ke amsa tambayar Sadiku ta farko daga tushe, wato me ya sa wasu ƙarafa cajinsu ɗaya ne tak. Ilektoron na biyu a sodiyam yana cikin zagayen ciki, cire shi yana cin 4562. Babu jeruwar da za ta biya wannan, shi ya sa babu NaCl₂. Magnesiyam na farko 738, na biyu 1451, ana iya biya, na uku kuwa 7733, sai ya tsaya a +2. Baƙin ƙarfe ba shi da irin wannan katanga tsakanin na biyu da na uku, hawan a hankali yake, don haka +2 da +3 duk suna yiwuwa, sai abin da ya tarar.

Yar_Zazzau
Malam Sarkin Alli, lissafin ya yi, amma ba zan jefar da ƙa'idar takwas ba. Ga ɗan aji huɗu na sakandare ita ce ke ba shi cajin rukuni na 1, 2, 16 da 17 ba tare da hadda ba. A dai gaya masa cewa tana faɗin abin da zai faru ne, ba dalilin faruwarsa ba, kuma ba ta aiki a kan ƙarafan tsakiyar jadawali. Fe²⁺ da Fe³⁺ babu wanda ya cika takwas a cikinsu.

Sarkin_Alli
A kan haka ba mu da saɓani, Malama.

Baban_Hanifa
Wani kuskuren da ke tafiya tare da wancan: zanen Na ɗaya da Cl ɗaya da kibiya a tsakani yana sa yara su ɗauka akwai ƙwaya guda mai suna NaCl, miji da mata. Babu. A cikin gishiri kowane Na⁺ yana kewaye da Cl⁻ shida, sama, ƙasa, gaba, baya, dama, hagu, kuma kowane Cl⁻ haka yake kewaye da Na⁺ shida. Ba ya tuna wanda ya ba shi ilektoron. Bragg, uba da ɗa, su suka nuna wannan tsari a 1913 ta hanyar haska ƙwayar gishiri da hasken eksire. Fomular NaCl tana cewa ɗaya-da-ɗaya ne kawai a yawa.

Zuba gishirin tebur a kan baƙin ƙyalle ka duba da gilashin ƙara girma: da yawa daga ƙwayoyin 'yan akwatuna ne masu kusurwa huɗu, jerin cikin ne ya fito waje. Danna ɗaya da bayan cokali, ba za ta lanƙwashe kamar waya ba, fashewa za ta yi. Dalili shi ne da layi ɗaya ya gusa da taki guda, + ya fuskanci +, − ya fuskanci −, sai su ture juna.

Ƙarfin jan kuma yana bin girman caji. NaCl, +1 da −1, yana narkewa a wuta a digiri 801. MgO tsarinsa iri ɗaya ne amma +2 da −2, sai wajen 2850. Shi ya sa ake yin bulon cikin tanderun narka ƙarfe da shi.

Na_Maradi
A nan Nijar da Faransanci ake koyarwa, kuma sunan a juye yake: chlorure de sodium, sulfate de cuivre(II), oxyde de fer(III). Mai − ne a gaba, ƙarfen a baya. Amma fomula ba ta juyawa, NaCl ce a ko'ina, kuma lambar Rum tana manne da ƙarfen kamar yadda Malam Sinadari ya faɗa. Ɗaliban da ke tsallakawa karatu tsakanin ƙasashen biyu su kula, kada jerin sunan ya sa su rubuta ClNa.

Dan_Borno_Kanwa
Ku bari in ɗan kauce. Kanwa da ake kira "fotash" da Turancin kasuwa, sunan ba daidai ba ne. Mafi yawanta gishirin sodiyam ce, ba fotasiyam ba. Babban sinadarinta tirona ne, Na₂CO₃·NaHCO₃·2H₂O, gauraye da gishirin ci, sodiyam salfet da yashi, gwargwadon inda aka haƙo ta, ko yankin Tafkin Chadi ko fadamun Nijar. A duba caji: Na⁺ uku, +3. CO₃²⁻ ɗaya da HCO₃⁻ ɗaya, −3. Ya daidaita. Ruwan da ke bayan ɗigo ba ya shiga lissafin caji.

Fotash na gaskiya shi ne na ruwan toka, K₂CO₃. Abin sha'awa, alamar Na daga sunan natiriyam take, wanda aka samo daga natiron, wato kanwar da Misirawa suke amfani da ita a zamanin da. K kuma daga kaliyam, mai tushe a kalmar Larabci ta tokar tsirrai, inda kalmar alkali ta kimiyya ta fito. Ba ruwanta da alƙalin kotu. Humphry Davy ne ya fara ware ƙarafan biyu a 1807 ta hanyar ratsa lantarki cikin narkakken soda da fotash.

Dalibi_Sadiku
Wannan ya tuno min da wata matsalar. A littafinmu ba a cewa sodiyam kabonet, sai sodium trioxocarbonate(IV). To ai ga lamba a baka kuma ba a jikin ƙarfe take ba. Cajin CO₃ ɗin +4 ne ke nan?

Malam_Sinadari
A'a, kuma nan ne mafi yawan ɗalibai ke faɗuwa. Cajin ayon ɗin −2 ne. (IV) ɗin lambar oksideshan ce ta kabon da ke tsakiya, wato cajin da za a ce yana da shi da a ce kowane oksijin ya kwashe ilektoron ɗin gaba ɗaya. Lissafi ne na takarda, babu C⁴⁺ a zahiri a cikin kabonet.

Amma sunan yana da amfani idan ka iya karanta shi, domin yana ɗauke da fomular baki ɗaya. "Tirai-okzo" oksijin uku, −6. Kabon +4. Haɗa: −2. Ka samu CO₃²⁻ ba tare da hadda ba. Tetira-okzo-salfet(VI): −8 da +6, SO₄²⁻. Tirai-okzo-naitiret(V): −6 da +5, NO₃⁻. Dai-okzo-naitiret(III): −4 da +3, NO₂⁻. Tetira-okzo-manganet(VII): −8 da +7, MnO₄⁻. Wanda ke da tarko shi ne hefta-okzo-daikuromet(VI), saboda kuromiyam biyu ne: −14 da +12, Cr₂O₇²⁻.

Idan ka haɗu da suna mai lamba biyu, kamar baƙin ƙarfe(III) tetira-okzo-salfet(VI), ta farko cajin ƙarfen ce, ta biyu ta farar wutar da ke cikin ayon ɗin ce. Fe³⁺ da SO₄²⁻, ƙaramar lambar da 3 da 2 ke shiga ita ce 6, Fe biyu, salfet uku, Fe₂(SO₄)₃. Wanda ya musanya III da VI zai rubuta shirme.

Hajiya_Likita_Magani
Ni dai ina ganin da waɗannan dogayen sunaye an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Jarabawar WAEC da NECO na son su, to a koya don a ci. Amma babu kwalbar da za ta zo ɗakin gwaji ko shagon magani da tetira-okzo a jikinta. Salfet za ka gani, naitiret, kabonet. Har tsofaffin sunaye suna nan daram: ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu feros salfet aka rubuta a kwalinta, wato FeSO₄, baƙin ƙarfe(II). Ƙarshen "-os" ƙaramin caji, "-ik" babba: feros +2, ferik +3, kufros +1, kufrik +2. Ka lura "-os" ba ya nufin +2, ƙarami kawai yake nufi a cikin biyun. Wannan ruɗanin ne ya sa Bajamushe Alfred Stock ya kawo tsarin sa lamba a baka a 1919, daga baya aka mayar da ita lambar Rum.

Ita kanta IUPAC, ƙungiyar duniya mai tsara sunayen sinadarai, a shawarwarinta na 2005, ta amince da salfet da naitiret a matsayin sunaye, kuma dogon sunan da ta tsara ma ya sha bamban da na littattafanmu, cajin ayon ɗin yake sawa a baka da lambar lissafi ta yau da kullum.

Malam_Sinadari
Hajiya, gaskiyarki a kan kwalba. Sai dai gajeren sunan ma hadda ce tsagwaronta. Naitiret oksijin uku, salfet huɗu, kabonet uku, fosfet huɗu, duk ƙarshensu ɗaya. Abin da kawai yake faɗa shi ne mai "-et" ya fi mai "-ait" da oksijin ɗaya. Ɗalibi ya san duka biyun, ba zaɓi.

Hajiya_Likita_Magani
Na'am, kuma ya san cewa haruffan ƙarshen nan ba ado ba ne. Wajen rubutu -ide, -ite da -ate abubuwa uku ne daban. Salfaid S²⁻, babu oksijin. Salfait SO₃²⁻. Salfet SO₄²⁻. Bariyam salfet ana dama shi a ba majiyyaci ya sha kafin a ɗauki hoton hanjinsa, saboda ba ya narkewa, yana wucewa yadda ya shiga. Bariyam salfaid da bariyam kabonet kuwa suna sakin Ba²⁺ a ciki, guba ne, na biyun ma an yi maganin ɓera da shi. Sodiyam naitiret da sodiyam naitirait haka: na biyun ɗan kaɗan ya isa ya hana jini ɗaukar iskar oksijin. Lambar Rum ma haka: zaiba(I) kuloraid da ƙyar yake narkewa a ruwa, zaiba(II) kuloraid yana narkewa kuma mummunar guba ce.

Ga wanda ke son jerin kulorin a cike: ClO⁻ haifokulorait, shi ne na ruwan bilic, ClO₂⁻ kulorait, ClO₃⁻ kuloret, ClO₄⁻ fakuloret. Duk cajinsu −1.

Bagobiri88
To ga wanda zai karya hanyar Malam Sinadari: Fe₃O₄. Oksijin huɗu −8, a raba wa uku. Takwas bisa uku. Wace lambar Rum ce wannan?

Sarkin_Alli
Bai karya ta ba, ta tona masa asiri ne. Idan rabon bai shiga ba, alama ce ƙarfen ba caji ɗaya yake ɗauke da shi ba. A Fe₃O₄ akwai Fe²⁺ ɗaya da Fe³⁺ biyu: 2 da 3 da 3, takwas. Sunansa baƙin ƙarfe(II,III) oksaid, shi ne dutsen da maganaɗisu ke kamawa. Jar dalma Pb₃O₄ ma haka, biyu +2, ɗaya +4. Wanda ya fi yaudara shi ne FeS₂, dutsen nan mai ƙyalli da ake ɗauka zinariya ce. Lissafin gaggawa zai ce Fe +4. A'a, Fe²⁺ ne da S₂²⁻, irin abin da Malama Umma ta faɗa a kan feroksaid.

Umma_Kimiyya
Ana iya ganin bambancin (II) da (III) da ido. A narkar da rabin ƙaramin cokali na FeSO₄·7H₂O, ƙwayoyinsa kore-kore ne, a cikin mililita 20 na tataccen ruwa (distil, na ɗakin gwaji). A ɗiga ruwan soda, NaOH, kaɗan-kaɗan. Wani kauri mai launin kore mai datti zai sauka, Fe(OH)₂ ke nan. A bar kwalbar gwajin a buɗe, cikin 'yan mintoci saman da ke taɓa iska zai fara komawa ruwan ƙasa, oksijin yana mayar da shi (III). A yi haka da FeCl₃, nan take za a ga ja-ja mai launin tsatsa, Fe(OH)₃.

Inda gwajin ke lalacewa: idan ruwan FeSO₄ ya kwana, ko ƙwayoyin sun tsufa sun yi rawaya-rawaya a gefe, to wani ɓangare ya riga ya zama (III), launin zai fito a cakuɗe. A haɗa sabo a ranar. Soda kuma tana cin fata, a sa safar hannu da tabarau.

Baban_Hanifa
Batun ·7H₂O: ruwan cikin ƙwaya yana shiga suna da nauyi duka. CuSO₄·5H₂O shi ne jan ƙarfe(II) salfet fenta-haidiret, shuɗi. Nauyin mol ɗinsa kusan giram 250, ruwa 90 a ciki, kashi 36 cikin ɗari. A gasa giram 5 a hankali har ya yi fari fat, abin da zai rage kusan giram 3.2 ne. Idan ya fara baƙi, wuta ta yi yawa, ya soma rushewa zuwa CuO. Wanda ya auna shuɗin amma ya yi lissafi da 160 na busasshen, ruwan da ya haɗa zai fito da rauni da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Yar_Zazzau
Mu kula da kalmar "narkewa" idan muna bayani da Hausa, tana ɗaukar abu biyu: narkewa a wuta da narkewa a ruwa. Duka biyun suna sakin ayon su yi yawo, shi ya sa gishiri ke ɗaukar lantarki a halin biyun amma ba ya ɗauka a bushe. Gwajin: batir mai bolt 9, ƙaramin ƙwan LED da rizisto na om 470 a jere, da fensir biyu da aka fere kai da gindi a matsayin sanduna. A soka su a busasshen gishiri, ƙwan ba zai kama ba. A tataccen ruwa, ko dai shiru ko ɗan haske da ƙyar. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a mililita 100, zai haska sosai, kumfar haidurojin na tashi a fensir mai −. A gwada sukari a wani kofin, babu canji. Kada a yi da ruwan rijiya ko na famfo, da ma akwai ayon a cikinsu, ƙwan zai kama tun kafin a zuba komai. Kada kuma a kusanci wutar soket da wannan gwajin.

Amma ba duk mai haɗin ayon ne ke narkewa a ruwa ba. Gishirin ci giram 36 ke shiga giram 100 na ruwa, farar ƙasa CaCO₃ da AgCl kuwa kusan babu.

Na_Maradi
Tambaya ga Malam Sarkin Alli. AlCl₃ ana ba shi suna kamar mai haɗin ayon, amma yana tashi tururi tun wajen digiri 180. Ina ƙarfin jan da Baban Hanifa ya ambata?

Sarkin_Alli
Suna ba ya ba da shaida a kan irin haɗi. Al³⁺ ƙarami ne ƙwarai kuma cajinsa babba, Cl⁻ kuwa ƙato ne mai laushi, faɗinsa daga tsakiya fikomita 181, na Na⁺ ma 102 ne, na aluminiyam bai kai 60 ba. Sai ƙaramin ya janyo ilektoron ɗin babban zuwa tsakaninsu, abin ya koma kusan tarayya. A tururi ma Al₂Cl₆ yake zama. Canza kulorin da fulorin, wanda ƙarami ne mai tauri, AlF₃ sai ya haura digiri 1200 kafin ya motsa. Wannan su ne ƙa'idojin Fajans na 1923.

Ƙa'idar da ke cewa idan bambancin ƙarfin jan ilektoron a ma'aunin Pauling ya wuce 1.7 to haɗin ayon ne, ita ma kimantawa ce. NaCl 3.16 a cire 0.93, 2.23, ta yi daidai. AlCl₃ 1.55, ta yi daidai. BF₃ kuwa 1.94 ne, amma iska ce mai haɗin tarayya. Tozalin dutse, PbS, muna ce masa dalma(II) salfaid, bambancin nasa ko ɗaya bai kai ba. Kuma tunda an ambace shi, dalma ce da gaske a ciki, bai dace da idon jarirai ba.

Dalibi_Sadiku
Bari in gwada a gani ko na kama. A jikin ledar gishiri an rubuta an ƙara KIO₃. K +1, ba ya bukatar lamba. IO₃ ke nan −1. Oksijin uku −6, to aidin +5. Fotasiyam tirai-okzo-ayodet(V), ko fotasiyam ayodet a gajarce. Sai alimun, KAl(SO₄)₂·12H₂O: +1 da +3 huɗu, salfet biyu −4. Sai Cu(NO₃)₂, na ce jan ƙarfe(II), saboda naitiret biyu −2. Sai MnO₂, manganis(II) oksaid.

Malam_Sinadari
Uku na farko daidai. Na ƙarshen ka koma gidan jiya, ka ƙirga oksijin maimakon cajinsu. Sake lissafa shi.

Dalibi_Sadiku
Kash. Biyu sau −2, −4. Manganis(IV) oksaid.

Bagobiri88
Yanzu ka yi. Shi ne baƙin garin da ke cikin batirin tocila. Amma ni har yanzu ban gamsu da barin azurfa babu lamba ba, Malama Yar Zazzau. Akwai AgF₂, kuma a can +2 ce.

Yar_Zazzau
Akwai shi, kuma idan ka haɗu da shi dole ka rubuta azurfa(II) fuloraid. Wasu littattafan ma suna rubuta azurfa(I) a ko'ina saboda haka, ba kuskure ba ne. A takardar sakandare dai AgNO₃ da AgCl za su zo, kuma ba a rage maki don an bar (I).

Hajiya_Likita_Magani
A kan "ba a rage maki" ɗin nan zan so wani mai duba takardun jarabawa ya tabbatar mana, musamman idan ɗalibi ya rubuta salfet a inda ake jiran tetira-okzo-salfet(VI). Akwai mai wannan aikin a cikinmu?